Daga Ruwaƙin Barno Zuwa Bakhtar Ruda: Ɗalibanmu a Ƙasashen Larabawa



Abin da nake so mu duba a yau shi ne tarihin fitar ɗaliban ƙasar nan zuwa ƙasashen Larabawa neman ilmi, da kuma yadda masu mulki a kowane zamani suka sa hannu a cikin wannan fita.

Al'amarin ya daɗe ƙwarai. Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya ba da labarin cewa a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina musu makarantar Malikiyya a Alƙahira, inda matafiyansu ke sauka, suna kuma aika mata gudummawa daga gida. Daga baya Masallacin Azhar ya keɓe wa mutanen Barno ruwaƙi nasu, watau sashen da ɗalibai 'yan ƙasa ɗaya ke kwana, ana raba musu gurasa daga dukiyar waƙafi. A wancan zamani hanyar karatu ita ce hanyar hajji. Mutum ya bi ayari, ya sauka wurin malami, ya karɓi ijaza, sa'an nan ya wuce. Wasu ma ba su komo ba. Alal misali, Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan.

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903, sai al'amari ya sake. Ba su so ɗalibi ya je Masar ya jiyo maganar neman 'yancin kai, saboda haka suka karkata ga Sudan, wadda ke hannunsu. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano da malamai 'yan Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Bayan juyin mulkin Masar na 1952 zarginsu ya ƙaru. Shi ya sa da gwamnatin Jihar Arewa ta tashi tura ɗalibai ƙaro ilmi a 1954, Bakhtar Ruda aka kai su, wata kwalejin horon malamai kusa da garin Duwem a bakin Farin Nilu. Cikinsu akwai Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, da Malam Shehu Galadanci, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato.

Samun mulkin kai ya buɗe ƙofofin da aka rufe. A 1961 Masar ta yi wa Azhar sabuwar doka, aka shigo da likitanci da injiniyanci, kuma a wannan shekara aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina. Nan ma akwai siyasa, domin Masar da Saudiyya suna gasar neman magoya baya a Afirka, guraben karatu kyauta kuwa suna cikin makamansu.

To, shi ɗalibin fa? Jarrabawa biyu yake fuskanta. Ta farko tana can: ya haddace Ajuruma da Alfiyya a gida, amma ranar da ya shiga kasuwar Alƙahira sai ya tarar Larabcin titi daban ne da na littafi. Ta biyu kuwa, wadda ta fi ɗaci, tana gida. Al-Kashnawi ijazarsa ta ishe shi ko'ina ya sauka, amma wanda ya komo da digirin Larabci ya iske ofisoshin gwamnati da Ingilishi suke aiki, har a tsare shi ga koyarwa ko alƙalanci kaɗai.

Darasin da ke nan a fili yake. Mutanen Kanem da kuɗinsu suka gina wa 'ya'yansu masauki, domin sun san abin da suke bukata daga gare su. In al'umma ta bar wa wasu zaɓen inda ɗanta zai yi karatu, ba ta kuma tanadar masa gurbin aiki ba, to, ita ce ta yi hasarar ilmin da ya sha wuya ya ɗebo.