Yadda manhaja ta koyi karanta abin da ba ya dawowa

Idan littafi ne a hannunka, kana iya komawa shafi na uku ko ka tsallaka zuwa na ƙarshe. Amma in labarai kake saurara a Rediyon Kaduna, kalmar da ta wuce ta wuce, kuma ba ka san inda mai karantawa zai tsaya ba sai ya tsaya. Haka bayanan da ke shiga kwamfuta daga kibod ko intanet suke: kwarara suke yi.

A tsakiyar shekarun 1970, Barbara Liskov da ɗalibanta a MIT suka ƙirƙiro yaren kwamfuta mai suna CLU. A cikinsa akwai itareta, wato ɗan aike da ke miƙo maka abubuwan da ke cikin jeri ɗaya bayan ɗaya, ba ruwanka da yadda aka ajiye su. A 1984 kuma Bjarne Stroustrup ya samar wa yaren C++ hanyar karanta kwararar bayanai.

Alexander Stepanov da Meng Lee na kamfanin Hewlett-Packard ne suka haɗa biyun a cikin STL, wanda kwamitin daidaita C++ ya amince da shi a 1994. Sun kasa itareta gida biyar. Na karanta kwarara, irin su istream_iterator, gaba kawai suke tafiya, sau ɗaya tak. Amfaninsa a nan shi ne abu guda kawai yake riƙewa a lokaci guda, don haka za ka iya tara lambobi miliyan ba tare da ka cika ƙwaƙwalwar na'urarka ba.

To, yaya zai gane ƙarshe? Sai suka ware wani itareta fanko a matsayin alamar ƙarewa. Da zarar karatu ya gagara, mai tafiyar sai ya zama daidai da fankon, aiki ya tsaya.

Nan kuma tarkon yake. A ce makin ɗalibai 300 kake tarawa, a layi na 41 an rubuta ABS maimakon lamba. Karatu zai gagara, manhajar ta tsaya kamar ta gama, ta ba ka jimillar mutum 40 ba tare da ta ce uffan ba. Saboda haka duk lokacin da ta tsaya, ka binciki kwararar da eof(): ƙarshen aka kai, ko tuntuɓe aka yi?