Yakubu ko Heli? Nazari kan Zuriyar Yesu a Bisharar Matiyu da ta Luka

Duk wanda ya ajiye babi na 1 na Matiyu kusa da babi na 3 na Luka zai ci karo da matsala tun bai yi nisa ba. Matiyu ya ce Yakubu ne mahaifin Yusufu, mijin Maryamu; Luka kuwa ya ce Heli ne. Matiyu ya gangaro daga Dawuda ta tsatson Sulemanu, Luka ta tsatson Natan. Daga Dawuda zuwa Yesu, sunayen Luka sun haura 40, na Matiyu ba su kai 30 ba. Wannan maƙala tana ganin ba iri ɗaya ba ne waɗannan saɓanin, kuma kuskure ne a nemo musu magani ɗaya.

Batun yawan sunaye shi ya fi sauƙi. Matiyu da kansa ya bayyana cewa ya kasa jerin kashi uku, kowanne tsara 14. Don lissafin ya fito, ya tsallake sarakunan Yahuza uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, waɗanda Littafin Tarihi na Farko ya jero a babi na 3. Ba mantuwa ba ce, domin marubucin ya san Tsohon Alkawari ciki da waje. Masana da dama sun lura cewa baƙaƙen sunan Dawuda a Ibrananci, idan aka yi musu hisabi, 4 da 6 da 4 suke bayarwa, wato 14. Jerin kansa wa'azi ne cewa Yesu magajin gadon sarautar Dawuda ne. Luka kuwa ya wuce Ibrahim har ya kai ga Adamu, saboda dukan 'yan Adam yake wa albishir.

Kakan Yesu ne ƙashin da ya ƙi taunuwa. A ƙarni na 3, Yuliyus Afrikanus ya rubuta wa Aristidis wasiƙa, wadda Yusibiyus na Kaisariya ya adana a tarihinsa na Ikkilisiya. Ya dogara da dokar Musa da ta ce idan mutum ya rasu bai bar ɗa ba, ɗan'uwansa ya auri matar, ɗan fari kuma ya ɗauki sunan mamacin. A bayaninsa, Heli da Yakubu uwa ɗaya suke, uba daban. Heli ya rasu ba haihuwa, Yakubu ya auri matarsa ya haifi Yusufu: ɗan Yakubu ta jini, ɗan Heli ta shari'a.

Bayanin yana da basira, amma yana da rauni. Afrikanus ya sa Malki a matsayin mahaifin Heli, alhali a nassin Luka akwai sunaye biyu tsakaninsu, Matat da Lawi. Sannan dokar don tsare gadon gidan uba aka kafa ta, to yaya za ta hau kan waɗanda uwa kaɗai ta haɗa? Abin yabo ne cewa shi kansa ya amince ba shi da tabbatacciyar shaida.

Ra'ayin da ya fi yawo a coci-coci yau shi ne Luka ya kawo dangin Maryamu ne. Wannan bai bazu ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 15, bayan rubuce-rubucen Anniyus na Biterbo, kuma Luka bai ambaci Maryamu a jerin ba ko sau ɗaya.

A littafinsa na 1977 kan labaran haihuwar Almasihu, Raymond Brown, limamin Katolika ɗan Amurka, ya karkata ga cewa marubutan biyu sun ɗebo daga majiyoyi daban-daban, kowa da manufarsa ta tauhidi. Hujjojin da ke hannu sun fi goyon bayan wannan. Ikkilisiyar farko ma ta ga bambancin, ta kuma bar shi. Tatiyan ya narkar da bisharu huɗu zuwa littafi guda wajen shekarar 170, kuma Tiyodoret, bishop na Sairus a Siriya, ya ce Tatiyan ya cire jerin zuriyar gaba ɗaya. Amma a ƙarni na 5 Tiyodoret ya tattara kwafi sama da 200 na littafin daga majami'un yankinsa, ya maye gurbinsu da bisharu huɗun.