Faifan Da Muka Gara A Tsakar Gida

'Yar uwa, kafin in shiga labari bari in tambaye ki, shin kin taɓa zama kin yi tunanin me ya haɗa waƙa da faifan da kike rufe ƙwaryar fura da shi? Yau ko yaro ƙarami sai ya ce miki an saki sabon faifan bidiyo, alhali babu wani faifai a hannunsa, cikin waya abin yake. Ni ma dai ban taɓa damuwa da in sani ba, sai da Innarmu ta ɗora mini wani aiki da ya cinye mini kusan wata huɗu, har na jingine littafin da nake rubutawa a lokacin.

Wani dare ne na je gida, muna zaune a kan tabarma ina tsince mata shinkafa, sai na kunna waƙar Alhaji Mamman Shata a wayata don in faranta mata, tunda na san mutumin marigayi Babanmu ne. Ba ta yi minti biyu ba sai Inna ta ce, "Kashe abin nan, ba shi ba ne." Na ce, "Haba Inna, Shata ne fa." Ta ce, "Na san Shata ne, ai ban kurumce ba. Amma na babanku sai ya yi ƙas-ƙas-ƙas tukuna, kamar ana soya gyaɗa, sannan kalangu ya shigo." Ta yi shiru can, sai ta ce, "Wai ni kam ina faya-fayan nan da ke cikin akwatin ƙarfe?"

Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, domin kuwa na san inda suke. Ni ce auta, kuma ko da na yi wayo kaset ake yayi, babu mai waiwayar akwatin nan. Ni da yayana muka riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya muna gara su a tsakar gida kamar taya, wanda nasa ya riga kaiwa bakin rijiya shi ya ci. Wasu suka fashe, wasu muka bar su a rana suka lanƙwashe kamar ganyen kabewa. Kwalayensu masu hotuna kuwa da su muka riƙa fifita wuta. Ban iya gaya mata a daren ba. Na dai ƙudurta a raina sai na nemo mata ko guda ɗaya ne, kuma wajen neman ne na san tarihin abin da na ɓarnatar.

Asalin abin daga Amurka ne. A shekarar 1877 wani mutum mai suna Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maimaita, sai dai tasa a jikin wani abu mai kama da gwangwani take rubuta sautin. Bayan shekara 10, a 1887, wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, ya fito da dabarar zuba sautin a kan abu mai faɗi, kewayayye, kuma sunan da ya laƙa wa na'urarsa shi ne bakin Bahaushe ya murɗa ya koma garmaho. To da kakanninmu suka ga abin nan baƙi, zagayayye, da layi-layi a jikinsa, ai ba su sha wahalar neman suna ba, suka ce faifai. Kuma ki duba ki ga yadda sunan ya zauna daram. Mai ɗinkin faifai da allura take aiki, garmaho ma da allura yake magana. Ita daga cibiya take farawa tana nannaɗowa har baki, shi kuma daga baki allurarsa ke tashi ta bi ta bi har cibiya. Layukan nan da kike gani kamar dubu, a gaskiya layi ɗaya ne tal ya kewaya.

Faya-fayan da suka fara yaɗuwa ba na roba ba ne. Da wani irin ƙaro ake yin su, wanda wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a ƙasar Indiya da maƙwabtanta, shi ya sa suke da nauyi, kuma da sun faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. Suna juyawa sau 78 a minti ɗaya, kowane gefe bai wuce waƙar minti 3 da 'yan kai ba. Garmahon ma ba ya buƙatar lantarki, wani hannu ake wanawa, allurarsa ta ƙarfe ce, ana sayar da ita cikin 'yar batta, ba ta daɗewa ta dakushe a sake wata. Da yawansu suna ɗauke da tambarin nan na kare ya zauna ya karkace kai yana sauraren bakin garmaho, na kamfanin HMV.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Hausa ta hau faifai tun kafin a haifi Inna, kai, tun kakarmu na yarinya. Tsakanin 1927 zuwa 1929 wani kamfani mai suna Zonophone ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, ya buga faya-fayai da nufin kawowa nan a sayar, kuma cikin harsunan da aka ɗauka akwai Yarbanci, akwai Fanti da Ga da Tuwi na ƙasar da yau ake kira Gana, akwai Hausa.

Amma minti 3 me zai yi wa mawaƙin Hausa? Wanda kafin ya gama gaishe da ubangidansa da iyayen ubangidan, 'yan amshi su karɓa sau biyu, ai faifai ya ƙare. Sauƙi bai zo ba sai a 1948, da kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai faɗin inci 12, wanda ke juyawa a hankali, sau 33 da ɗan ɗoriya a minti, gefe ɗaya ya ɗauki sama da minti 20. Shekara na zagayowa, a 1949, kamfanin RCA Victor ya kawo ƙaramin, mai inci 7, mai juyi 45, na waƙa ɗaya gaba ɗaya baya. Wannan na robar shi ne irin na Babanmu, kuma shi ne ake rububinsa yanzu.

Zamanin da faifai ya yi tashe a ƙasar nan shi ne shekarun 1960 da na 1970. Manyan kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips duk sun kafa rassa a Legas, ga kuma na 'yan ƙasa kamar Tabansi da ke Anaca. A lokacin ne muryoyin irin su Shata da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi suka hau faifai, aka jera su a kanti ɗaya da na waƙoƙin Indiya, su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, waɗanda iyayenmu mata suka haddace ba tare da sun san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Inna ta ce a 1975, da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, abokan Baba wasu babur suka saya, wasu suka ƙara aure, shi kuwa ya ɗauko rediyogiram, wato doguwar akwatin katako mai ƙafafu, rediyo a gefe ɗaya garmaho a ɗaya gefen. Ba a daɗe ba aka kawo ta gidan tana amarya. Ta ce ran Lahadi da hantsi yakan zaro faifai, ya hure shi, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗora, ita kuma tana daga ƙofar ɗaki tana tankaɗe. Bai taɓa yarda ta taɓa allurar ba, amma ita yake tambaya wanne za a sa. Wannan ita ce hirarsu ta soyayya, su da ba sa iya kallon idon juna a gaban mutane.

Kaset ne ya kashe faifai. Kamfanin Philips ya fito da shi tun 1963, amma sai a ƙarshen shekarun 1970 ya cika kasuwanninmu. Ga araha, ga shi da batir yake aiki, ana rataya shi a kafaɗa a tafi gona, kuma kowa na iya kwafar waƙa daga wani kaset zuwa wani ba tare da mawaƙi ko kamfani sun ga ko kwabo ba. Sannan tattalin arziki ya karye, aka shiga matsin 1986, darajar naira ta faɗi, shigo da kayan buga faifai ya gagara. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1990 manyan kamfanonin nan na Turawa sun sayar da rassansu sun tafi. Rediyogiram ɗin gidanmu ya koma ma'ajiyar kwanukan Inna. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015.

Na fara nemana a nan gida. Na aiki yara wurin masu tsofaffin kaya da masu gyaran rediyo, wani ya ce an daina yayi, wani ya kawo mini faifan CD, wani dattijo kuma ya ce ai shekarun baya akwai masu zuwa su saye su buhu-buhu. Ashe gaskiya ya faɗa. Tun farkon shekarun 2000 wasu Turawa masu sha'awar kiɗan Afirka suka riƙa yawo Legas da Ankara da Kwatano suna kwashe tsofaffin faya-fayai. Galibi irin kiɗan Fela suke nema, amma guguwa in ta tashi ba ta zaɓen kara, namu ma ta haɗa da su. A can kuwa faifai ya farfaɗo, har a 2022 yawan faya-fayan roba da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, abin da rabon da a gani tun 1987. Wani abin dariya ma, a 2013 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Sahel Sounds, ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a faifan garmaho da sunan Harafin So. Mu muna tura wa juna a waya, su suna ɗora wa allura.

Ɗan yayata da ke karatu a Ingila shi ya nuna mini kasuwar intanet. Akwai eBay da aka kafa a 1995, inda ake gwanjon komai da komai, akwai kuma Discogs, tun shekarar 2000, wanda shi na faya-fayai da kaset ne, dillalai daga ƙasashe daban-daban kowa ya baje kolinsa. Na rubuta sunan Shata, sai ga hotunan kwalaye suna fitowa, har da wanda na shaida, irin wanda na taɓa fifita wuta da shi. Hawaye suka zubo mini. Mai shi yana Faransa, kuma kuɗin da ya sa, in aka juya shi zuwa naira, ya isa cefanen gidana na kwanaki masu yawa.

In har wata za ta bi sawuna, ga abin da na koya, don kada a yi mata sakiyar da babu ruwa. Sunayenmu ba a rubuta su iri ɗaya a kwalayen da, saboda haka ki gwada Mamman, ki gwada Muhamman, ki sa Alhaji ki cire. Sannan kowane faifai akwai haruffan da ke nuna lafiyarsa. NM shi ne wanda ya kusa sabo, VG+ ya ɗan sha hannu amma yana waƙa lafiya, VG za ki ji ƙas-ƙas sosai. Wanda aka sa wa G kuwa, duk da harafin na nufin mai kyau ne a Turance, kada ya ruɗe ki, shi ne wanda ya ga duniya. Ana auna faifan daban, kwalinsa daban. Ki karanta abin da masu saye na baya suka faɗa a kan dillalin, ki nemi ya turo hoton faifan gaba da baya, kuma ki tambayi kuɗin aikowa tun kafin ki sa rai, don sau da yawa ya kan kamo kuɗin faifan ko ya wuce shi. Na farkon da na saya ban yi wannan binciken ba, mai shi ya turo shi cikin 'yar ambulan marar kwali, ya iso wa yaron a tsage gida biyu. Na yi kwana biyu ba na cin abinci da daɗi.

Na biyun wani dillali ne a Jamus. Ya rage kuɗin ƙwarai, ya kuma ba da haƙuri wai akwai aibi, wani ya yi rubutu da biro a bayan kwalin. Ni kuwa da na ƙura wa hoton ido, sai na ga sunan wani bawan Allah ne, da Gusau, da 1977, a ƙasa kuma ya ƙara da cewa wanda ya ara ya dawo da shi. Haka Baba ma yake yi wa nasa. Nan take na ce wa yaron ya biya, zan tura wa uwarsa kuɗin. Da ya tashi zuwa hutu ya sako shi tsakiyar kayan sawarsa, tare da 'yar ƙaramar na'urar juya faifai ta zamani, don allurar rediyogiram ɗinmu ta daɗe da ɓacewa.

Ranar da na kai mata, sai da na fara gaya mata gaskiyar inda faya-fayan Baba suka tafi. Ta ce, "Yo ai na sani, ta taga nake kallonku. Ina so ne in ji ko za ki faɗa." Ta karɓi kwalin ta juya shi, ta shinshina, ta ce in karanta mata rubutun. Da na karanta sai ta ce, "Allah sarki, shi ma nasa 'ya'yan ba su riƙe ba. In yana raye Allah ya ba shi lafiya, in ya riga mu Allah ya jiƙansa." Na ɗora faifan, na sauke allura. Ya yi ƙas-ƙas-ƙas, sannan kalangu ya shigo. Inna ba ta ce komai ba har gefen ya ƙare, allura ta kai cibiya tana ta zagaye, ita kuma tana kallon ƙofar ɗakin Baba. Can ta ce, "Juya bayan."

Da aka gama ta hure shi, ta goge da gefen mayafinta, ta mayar cikin kwali, ta jingine shi a tsaye cikin akwatin ƙarfen nan, wai haka babanku ke yi don kada ya lanƙwashe. Ta datse kwaɗo ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Na ce, "Inna, ba za ki ba ni aro in je in jiyar da maigidana ba?" Ta ce, "Ke? In yana son ji ya zo nan ran Lahadi."