Gadon ƙarfe da akushi: tsoffin kayan ɗaki a ƙasar Tasawa

Uwata ta yi dillanci gida-gida a Urafane, ni kuma na gaji sana'ar na fita da ita kasuwannin ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Ina sayen tsoffin kayan ɗaki, in kai su gyara, in sayar. Idan aka ɗaga mini labulen ɗakin tsohuwa, kafin ta ce uffan zan iya kintata zamanin da aka kawo ta gidan: ko lokacin da gyaɗa ke kuɗi, ko bayan fari, ko bayan faɗuwar sefa.

A da can, kamar yadda tsofaffi suka ba mu, komai daga gona da daji yake fitowa. Gadon kara ne ko na ƙasa, a shimfiɗa masa tabarmar kaba. Kaba kuwa ba ta taɓa yi mana wuya ba, tunda Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi cike yake da goruba, har yau da saƙarta mata da yawa ke samun na gishiri. Tufafi a adudu ake ajiye su. Jere na ƙorai ne: uwa ta fara tanadi tun 'yarta na ƙarama, a fafe duma, a ƙona masa zane da wuƙa mai zafi, a ɗora babba a ƙasa ƙarama a sama, a rufe da faifai. Masassaƙa su kawo akushi da turmi da kujerar tsugunno. Mai hali ya aika fatake masu zuwa kasuwar Kurmi ta Kano su zo masa da tasar tagulla ƙirar Bida.

Gyaɗa ce ta birkita wannan tsari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi da Damagaram, suna sayen gyaɗa suna sayar da haja. Bayan samun mulkin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗar. Manomi ya ga tsabar kuɗi a hannu kowace kaka, kuma kaso mai tsoka na kuɗin nan ɗakin mata ya shiga. A lokacin ne gadon ƙarfe mai rumfa ya zama gadon amarya. A ɗora ƙafafunsa kan gwangwanaye don ya ƙara tsawo, a jibga masa katifu, a cika ƙarƙashinsa da kwalla da fanteka. Langa da samira suka ture ƙorai daga jere. Da farko daga Turai da Hong Kong ake shigo da su, sai wajen 1960 'yan kasuwar Hong Kong ɗin suka kafa masana'antunsu a Legas da Kano, kaya suka yi araha suka kwararo mana ta Katsina da Daura.

Abin da maza da yawa ba su kula da shi ba shi ne, waɗannan kwanonin da ba a cin abinci a cikinsu asusun mace ne. Nata ne ita kaɗai, miji ba shi da iko da ko murfi ɗaya, in aure ya mutu da su take fita. An ga amfanin haka a farin 1973 zuwa 1974, aka sake gani a yunwar 1984 zuwa 1985, wadda muke kira El-Buhari. Ina yaro a ta biyun. Mace za ta aiko bayan isha'i a kira uwata. Ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta goge ta da gefen zanenta, ta ce, "Yaya, ki rufa mini asiri, ki kai ta nesa, kada a gane tawa ce." Uwata ta naɗe ta cikin tsumma, da asuba ta kama hanya, da yamma ta dawo da tiyoyin hatsi ta shigar ta bayan gida. Gidaje da yawa a Urafane da jeren mata suka ga damina ta gaba. A shekarun nan ne kuma mafi kyawun tsoffin kayanmu suka bar ƙasar nan, wasu suka yi kudu, wasu suka faɗa hannun masu sayar wa baƙi kayan gargajiya a Yamai.

Daga baya sai fomika ta shigo, da kabad mai gilashi da ake jera tangaran a ciki. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, roba da kayan Sin suka cike gurbin. Malamai suka yi ta wa'azi kan almubazzaranci da bashin da iyaye ke ci saboda gado, har wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta yi rubutu kan wannan taƙaddama a Dogonduci. A ganina malaman sun yi gaskiya kan bashi. Amma asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta abin da ake saye da bashin. Saitin da ake yi da matsattsen garin katako yana ƙyalli ranar jere, amma raɓa ta taɓa ƙafarsa ya kumbura, gara ta shige shi, a kwance shi sau ɗaya don ƙaura kusoshinsa su ƙi kamawa. Babu dillaliyar da za ta karɓe shi bayan ya kwana biyu. Yarinyar da aka yi wa irin wannan jere ba ta da abin sayarwa ranar da rumbu ya ƙare.

Shi ya sa masu zuwa wurina neman tsohon kaya nake nuna musu yadda za su duba. Gadon ƙarfe, ka ɗaga gefe guda ka ji nauyinsa, don na da ba ya ɗaguwa da hannu ɗaya cikin sauƙi. Ka duba mahaɗar da dogayen ƙarafan ke shiga jikin ƙafafu, nan ne yake fara lalacewa. Ka kankare tsatsa da bakin wuƙa. In farin ƙarfe ya bayyana, tsatsar ta sama ce, mai walda da mai fenti za su mayar da shi sabo da kuɗi kaɗan. In wuƙar ta nutse ko ƙarfen ya ɓare, bar shi.

Akushi ya fi wuyar sani, don akwai masu turara sabo da hayaƙi su shafe shi da mai su ce na kaka ne. Ka kifa shi. Na gaske gindinsa ya side saboda shekarun da ya yi ana ajiye shi a ƙasa, cikinsa ya yi santsi daga hannuwan da suka ci tuwo a ciki, amma a bayansa za ka ga sawun gizago. Ka ƙwanƙwasa shi da yatsa, mai tsaga ba ya amsawa da ƙarfi. In ka ga ƙananan huji da gari na zuba, ƙwaro na ciki, kada ka kai shi kusa da sauran kayanka. Kujerar tsugunno kuma daga gungume guda ake fitar da ta kirki, ba a haɗa ta da ƙusa. Irin waɗannan ba su samuwa sababbi yanzu, don manyan itatuwan ƙirya da ɗanya sun yi ƙaranci. Gaskiya ne tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi sun koma rainon tsiron itace a gonakinsu, ƙasa ta sake yin gawo da kalgo, amma ƙirya ba ta girma da sauri, wanda ya bar ta yau sai dai jikansa ya sassaƙa. Tsohuwar langa kuwa in fentinta ya ɓantare ta ciki, a bar ta a jere, kada a zuba mata abinci.

Yau babban abokin takararmu a wannan sana'a shi ne ɗan gwangwan. Tsohuwa ta rasu, magada su fito da gadonta da tasoshinta tsakar gida, ya zo da sikelinsa ya auna da kilo, a narke. Ina roƙon masu irin wannan kaya, kafin ku kira shi ku kira dillaliyar unguwarku ta yi musu kuɗi. Iyaye mata masu shirin jere kuma, ku ware wani abu daga kuɗin saitin ku gyara gadon ƙarfen da ke jingine a bayan ɗakinku, ku sa wa yarinyar a cikin kayanta.