Daga Samaru zuwa Kadawa: makarantar da ta yaye malaman gona

Duk wanda ya baro Kano ya kama hanyar Zariya a tsakiyar hunturu, da zarar ya wuce Kura zai ga ƙasa ta yi kore shar, alhali rabon sama da ruwa tun watan Oktoba. Ga tumatir, ga albasa, ga alkama, ga masara, ruwa na bin kanal yana ratsa gonaki har cikin ƙasar Bunkure da Garun Malam. In an tambayi mutanen yankin wa ya kawo wannan arziki, amsa ɗaya ce: Audu Baƙo. Gaskiyarsu ne, domin shi ya gina madatsar Tiga. Sai dai ruwa kaɗai ba ya gaya wa manomi ranar da zai shuka alkama, ko irin da zai jure zafin Maris. Wannan sanin daga Samaru ya zo, kuma mutanen da suka ɗauko shi ɗalibai ne na wata makaranta da ta girme wa dam ɗin da shekara hamsin.

A 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa sashen binciken aikin gona na lardunan Arewa a Samaru, arewa da birnin Zariya. Ba cikin talaka ne ya dame su ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta fara tafiya Legas, masaƙun Ingila kuma suna kukan auduga. Aikin Samaru na farko shi ne samar da irin auduga da gyaɗa mai yawan yabanya, da horar da 'yan ƙasa waɗanda za su shiga ƙauyuka su nuna wa manoma. Daga nan aka samu malamin gona, mai keke da littafi, wanda a wasu garuruwan ake jin tsoronsa kamar mai karɓar haraji. A 1928 aka ƙara gonar kiwo a Shika, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa.

Shekara arba'in wurin yana hannun gwamnati. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, gwamnatin Sardauna ta miƙa mata Samaru, aka raɗa masa suna Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda kowa ya fi sani da IAR. Jami'ar ta fara da ɗalibai 426, kuma tsangayar aikin gona tana cikin huɗun farko. Wannan haɗin aure na bincike da koyarwa shi ne sirrin wurin. Malamin da ke gwada irin dawa da safe shi ne zai shiga aji da rana, ɗalibi kuma ba ya fita sai ya san nauyin fartanya. Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta turo malamai, ta kuma karɓi matasan Arewa don ƙaro karatu. Cikin waɗanda suka bi ta can akwai Ango Abdullahi, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1979 zuwa 1986.

Wani abu ya faru a Samaru a tsakiyar shekarun 1960 da ya kamata kowane ɗalibin noma ya sani. Wani masanin tattalin arziki mai suna David Norman ya zauna da manoman wasu ƙauyukan Zariya, cikinsu har da Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, yana lissafin abin da suke shukawa da kwanakin aikin da suke zubawa. A lokacin, ra'ayin masana shi ne haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne. Lissafin ya nuna akasin haka: manomin ya fi samun riba a kan guminsa, kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Jami'a ta koyi darasi daga talaka, ta kuma rubuta shi duniya ta karanta. Abin mamaki, da aka zo tsara noman rani a Kano, darasin bai samu kujera a teburin masu tsarawa ba.

Audu Baƙo ya zama gwamnan sabuwar Jihar Kano a 1967. Ɗan sanda ne, amma noma ya shiga ransa. Aka fara da ƙaramin dam na Bagauda, wanda ya shayar da gonar gwaji a Kadawa, sannan aka shiga aikin Tiga daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa, shanu suna faɗuwa, mutanen Nijar suna kwararowa kudu. Wani kamfanin Holan, NEDECO, ya zana taswirar aikin: kashin farko zai shayar da hekta 22,000, ruwa zai gangaro da kansa ba tare da inji ba, ya bi ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, daga nan a rarraba shi sashe-sashe. Ga mutumin da ya saba ɗaga ruwa da jigo a bakin fadama, wannan kamar almara ne. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta karɓi ragamar aikin.

A cikin shekarun nan ne Samaru ta kafa reshenta na binciken noman rani a Kadawa, a tsakiyar gonakin. Tambayoyin da ke gabanta ba na littafi ba ne. Yaushe za a shuka alkama? Gwaji ya nuna tsakiyar Nuwamba ne, don ta yi ido cikin sanyi. Wanda ya yi jinkiri, zafi zai cimma ta kafin ta cika. Kwana nawa tsakanin ban ruwa da ban ruwa? Wane taki, buhu nawa? An gwada irin alkama da aka kawo daga Meziko, cikinsu har da Siete Cerros, wanda ya daɗe a hannun manoma. Ɗaliban digiri na biyu da na uku da yawa a filayen Kadawa suka yi gwajin da suka rubuta kundayensu a kai, wasu kuma a nan suka fara jin manomi ya ƙure su da tambaya.

Jami'ar ba ta tsaya a yabo ba, kuma wannan abin a yaba mata ne. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a ƙarƙashin jami'ar a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda aikin ya fi amfanar masu hali: ƙaramin manomi da ba ya iya biyan kuɗin tarakta da taki da ruwa yakan ba da gonarsa haya ga attajiri ko ma'aikacin gwamnati, ya koma ɗan ƙwadago a kanta. Ga kuma dubban mutanen da ruwan Tiga ya tasa daga gidajensu. A 1985 Björn Beckman, malamin kimiyyar siyasa a Zariya, da Gunilla Andrae suka fitar da littafinsu The Wheat Trap, inda suka ce Nijeriya ta faɗa tarkon burodi, kuma noman alkama da ruwan dam ba zai fitar da ita ba saboda tsadarsa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, manoman Kadawa suka ci kasuwa na 'yan shekaru, aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990, farashi ya faɗi. Manoma ba su jira wani rahoto ba. Suka karkata ga shinkafa da tumatir, abin da masu taswirar farko ba su sa a gaba ba, kuma shi ne ya mai da Kura garin masu casa da mata masu turara shinkafa, ya mai da Kwanar Gafan kasuwar da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa kudu.

To, ina ɗaliban suka ƙare?

In ana maganar tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, sunayen da ke fara fitowa na masu mulki ne: Umaru Musa 'Yar'aduwa, Namadi Sambo, Ibrahim Shekarau, Abdullahi Umar Ganduje. Wasu daga cikin manyan, hanyarsu ta biyo ta gonakin nan. Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya karanta tattalin arziki a Zariya, a zamaninsa na gwamnan Babban Banki aka ƙirƙiro NIRSAL don bankuna su daina gudun bai wa manomi bashi. Injiniya Suleiman Adamu, shi ma ɗan Zariya ne a karatu, ya riƙe ma'aikatar albarkatun ruwa daga 2015 zuwa 2023, lokacin da aka yi gyaran kanal-kanal na yankin ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya. Sabo Nanono ya yi ministan noma daga 2019 zuwa 2021.

Amma mafi yawansu ba a taɓa ganin hotonsu a jarida ba, kuma rayuwarsu ta bi hawa da saukar hannun gwamnati. 'Yan sahun farko, waɗanda suka gama a shekarun 1970, aiki ne ke jiransu tun kafin su ƙare bautar ƙasa. Ga gida, ga bashin mota, ga ƙarin albashin Udoji na 1974. Hukumar kogi tana ɗauka, ma'aikatar gona tana ɗauka, da aka kafa KNARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, a farkon shekarun 1980 ita ma ta kwashi nata. Su ne suka yi aure da wuri, suka sauke farali, suka ɗauki ƙannensu da 'ya'yan 'yan'uwa suka sa a makaranta. A garuruwa da yawa, digiri ɗaya ya ja gida guda.

'Yan sahu na biyu sun fito ne cikin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Albashi ya zama ba ya kai wata, aka janye hukumomin koguna daga harkar noma kai tsaye aka bar su da kula da ruwa, motocin malaman gona suka kwanta babu taya. Wasu suka koma ƙungiyoyin waje da suka shigo Kano a lokacin, irin su ICRISAT da ta yi gonar gwaji a Bagauda, da IITA, da Sasakawa wadda ta fara aiki a Nijeriya a 1992. Wasu suka koma aji. Jami'ar Bayero, wadda ita ma a ƙarƙashin Zariya ta taso kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977, da ta buɗe tsangayar noma a farkon shekarun 2000 da 'yan Samaru ta kafa ta. Farfesa Jibrin M. Jibrin, masanin ƙasar noma da ya yi karatunsa a Zariya, shi ya jagoranci Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa da aka kafa a Bayero a 2012. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda Rabi'u Musa Kwankwaso, tsohon injiniyan hukumar ruwa ta WRECA, ya buɗe a 2001, ita ma ta ɗebi malamai daga tushen nan.

Sahu na uku ya fi kowanne ban sha'awa, domin su ne 'ya'yan manoman kansu. Kuɗin tumatir da shinkafa ne ya biya musu rajista a Zariya da Kano da Wudil. Sun gama, babu takardar ɗaukar aiki, suka dawo gida. Da farko abin ya zama abin gori: a ce mai digiri yana cikin taɓo har gwiwa. Yanzu gorin ya yi sauƙi. Za ka same su da shagon iri da maganin feshi a bakin titi, ko suna riƙe da lissafin injin casa, ko suna rubuta wa ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashensu takardu, suna tara kuɗin ruwa, suna kiran gayyar yashe kanal. Da yamma wani yana koyarwa a Islamiyya, wani yana jan salla a masallacin unguwa. Labarin junansu kuwa ba a mujallar tsofaffin ɗalibai suke samunsa ba. A zauren WhatsApp na 'yan aji ake jin wane ya samu ƙaruwa, wance ta gama digiri na biyu, wane ya kwanta asibiti a taimaka, sannan a haɗu a wajen ɗaurin aure ko zaman makoki.

Shekarar 2016 ta gwada amfaninsu. A watan Maris kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, mai iya cin tan 1,200 a rana. Ba a jima ba tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta afka wa gonaki ta cinye su ƙurmus, masana'antar ta tsaya, farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabo a faɗin ƙasa. Manoma suka riƙa zuba magani a kan magani, tsutsa ba ta ji. Abin da ake buƙata a lokacin shi ne mai bayani: a tsabtace gona bayan girbi, a kafa tarko, a riƙa sauya magani kada ƙwaron ya saba. Aikin malamin gona ke nan, kuma a lokacin ne aka ga yadda suka yi ƙaranci, mutum ɗaya a kan manoma dubbai.

Samaru kanta ba ta tsaya ba. An mayar da alhakin binciken alkama ga cibiyar Tafkin Chadi da ke Maiduguri, amma masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga suna hannunta, kuma duk irin da aka ga sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ da SAMNUT, daga can ya fito. A 2019 ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Sashenta na wayar da kan manoma, wanda ya samu cin gashin kansa a 1975, ya zama na ƙasa baki ɗaya a 1987. A 2022 cibiyar ta cika shekara 100, jami'ar kuma 60.

Kira ya rage ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban Zariya da Bayero da Wudil. Taron shekara a manyan ɗakunan taro na Abuja da Kano yana da kyau, amma a Kura da Bunkure da Garun Malam akwai 'yan'uwanku masu digirin noma da ke zaune cikin manoma, suna jin yarensu, an kuma yarda da su. Ku nemi sunayensu, ku haɗa su da masu bincike na Kadawa, ku matsa wa gwamnatin jiha ta ɗauke su aikin malaman gona kafin shukar alkama ta Nuwamba.