Daga Madaɓi Zuwa Tayil

A Kano da Zariya da Katsina gini sana'ar maza ce, kuma mai sarauta. Akwai Sarkin Magina, akwai gidajen da suka gaji tubali da azara tun kaka da kakanni, har gobe kuma ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Amma magini, komai gwanintarsa, in ya tayar da bango ya yi rufi ya kafa indararo, to ya gama nasa. Ƙasan ɗaki, inda za a zauna a ci tuwo, a yi salla, a yi jego, wannan na mata ne. Ba su da sarki, ba wanda ya rubuta sunayensu, a unguwarmu kuma ba a biyansu da kuɗi.

Na riski ƙarshen zamanin daɓe ina yarinya a cikin birnin Kano, domin kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita ake yi wa magana in za a daɓe ɗakin amarya. Jakuna ne ke kawo marmara a mangala, a zube a ƙofar gida, yara su yi ta jida da kwanuka. A baje ta a ɗaki, a tsince manyan duwatsu, a yayyafa ruwa ta kwana. Washegari da hantsi mata su hallara, kowace da madaɓinta, wani guntun itace mai faffaɗan ciki da mariƙi, wanda hannu ya goge har yana sheƙi. Sai su jeru a durƙushe, su fara daga ƙuryar ɗaki suna ja da baya, madaɓai na sauka tare. Ɗaya na bayar da waƙa, saura na amshi. Waƙoƙin nan ba na kunnen maza ba ne. A nan ake sauke wa kishiya da uwar miji habaicin da aka daɗe ana tarawa, shi ya sa duk namijin da ya san ciwon kansa yakan nemi abin yi a kasuwa ran nan.

Sirrin aikin yana cikin makuba. Ita ɗorawa ba a yar da komai nata: garin a sha, kalwar a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a tukunya har ruwan ya yi duhu. Wannan ruwa ake yayyafawa ana bugu, a bari ya sha iska, a dawo a sake, ba rana ɗaya ba. A hankali tsakuwa ke nutsewa, fuskar daɓen ta haɗe ta yi ja mai duhu, daga ƙarshe a bi ta da dutse mai santsi. Iya takan taka da tafin ƙafa ta zagaye ɗakin, in ta ji wuri ya yi taushi ta tsaya a kai ta ce, "Wa ya yi nan?" Ba mai amsawa, amma kowa ya sani, domin kowa ya ga inda kowace ta durƙusa. Ladan aikin kuwa tuwo ne da fura da goro, sai kuma alkawarin da ba a furtawa, cewa ranar da taki 'yar ta tashi aure za a zo miki.

A ganina abin da ya riƙe ingancin daɓe ke nan, fiye da makubar kanta. Matan da suka buga shi su ne za su dawo jere, su dawo buɗar kai, su dawo suna, su zauna a kansa. In ya fashe kafin shekara, da su za a yi zancen a gidan biki. Gyaransa kuma ba wuya: a tono wurin, a cika, a buga.

Siminti ya biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Da fari na gidajen Turawa ne a Nasarawa da ofisoshin gwamnati da kantunan kamfanoni. Daga ƙetare ake kawo shi, saboda haka attajirin birni ma sai ya shafe zaure da turakarsa ya bar wa matan gida daɓensu. Sai da aka fara yin sa a ƙasar nan ya kama hanyar gidan talaka: masana'antar Nkalagu a 1957, Ewekoro a 1960, ta Kalambaina a Sakkwato a 1967, sannan Ashaka a 1979. Tsakanin nan kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, kowane ma'aikaci ya tashi gini. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas suna jiran sauke kaya, wani simintin ya daskare a cikin jirgi. A shekarun nan madaɓai suka koma bayan rumbu, daga can suka shiga murhu.

Ba na cikin masu kukan an bar daɓe. Aiki ne mai karya ƙugu, ga gara, ga danshin damina. Amma da zuwan siminti ƙasan ɗaki ya fita daga hannun mata ya koma na birkila da lebura, aka fara ciniki a kansa, aka kuma fara ha'inci. In birkila ya rage siminti ya cika yashi, ba za ki gane ba sai bayan wata biyu, ki ga kina shara gari na tashi, tsintsiya na cin ɗakin. Gwamnati da manyan masu kuɗi suka koma tarazo, wanda ake zuba tsakuwar marmar a siminti a goge da inji. Tsofaffin asibitoci da makarantun da aka yi wa shi har yau yana nan daram.

Mu kuwa sai muka rufe aibin siminti da leda. A nan mata suka ɗan karɓo abinsu, domin ledar ɗaki ta shiga kayan ɗakin da iyayen amarya ke saya, tare da gado da labule da jeren kwalla. Gwaggo ko inna ce za ta je ganin ɗaki, ta auna da igiya ko da taku, a tafi kasuwar Sabon Gari a yanko yadi kaza. Mai shago ya haɗa ku da yaro riƙe da reza da gwangwanin gam. Leda tana da kyau wata shida. Daga nan ƙafar kujera ta huda ta, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya kwanta, ɗaki ya ɗauki wani wari da turaren wuta ba ya kashewa. Masu hali suka malale ɗaki da kafet, shi kuma ya zama ma'ajiyar ƙurar hunturu.

Tayil ya daɗe a gidajen manya, ɗan Italiya da ɗan Sifen, amma bai zama na kowa ba sai bayan 2000, lokacin da 'yan kasuwarmu suka buɗe hanyar Dubai da Guangzhou. Garin Foshan na ƙasar Sin, wanda ke maƙwabtaka da Guangzhou, cike yake da masana'antun tayil, haka ma Morbi a jihar Gujarat ta Indiya, daga can kwantenoni suka riƙa sauka. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya daina bai wa masu shigo da su dala a farashin gwamnati, tayil na ciki, ba a kuma janye wannan ba sai a Oktoban 2023. Ɗan waje ya yi tsada, na masana'antun Ajaokuta da jihar Ogun ya samu kasuwa. Yau in kin shiga kasuwar Ƙofar Ruwa za a fara tambayarki, "Na gida ko na waje?" kafin a tambaye ki launi.

Ni ma na shiga hannun masu shagon tayil da muka gyara falo. Shagon babba ne, an jera samfura a bango ana haska su da fitila, kowane tayil sai ƙyalli. Na zaɓi mai faɗin santimita 60 kowane gefe, wanda guda 4 ke cikin kwali, kwalin kuma ya rufe murabba'in mita 1.44. Mai shagon ya ce, "Hajiya, kada ki wahalar da kanki neman mai sawa, muna da yaronmu, aikinsa kamar ɗan Kwatano." Wannan ba ƙaramin yabo ba ne, domin a harkar tayil ma'aikatan Benin da Togo ne suka yi suna wajen daidaita layi. Yaron ya zo ya auna, ya faɗi adadin kwalaye, aka biya, aka kawo a kurkura.

Aiki ya kai bakin ƙofa sai kaya suka ƙare. Aka koma shago, aka ce ai wancan ya ƙare amma ga irinsa sak, lamba ɗaya, kamfani ɗaya. A cikin kwali haka ne. Da aka shimfiɗa, rana ta shigo ta taga, sai ga layi biyu na ƙarshe sun fi sauran duhu, domin ba gashi ɗaya ba ne, kuma kowane gashi da ɗan bambancin launinsa. Bayan 'yan makonni jikata na wasa da cokali a tsakar falon, na ji wani wuri na ƙara kamar an buga ƙwarya. Na bi da makulli ina ƙwanƙwasawa, na sami wurare da dama haka. Abin da ya faru shi ne an ɗiga siminti a kusurwoyi da tsakiya maimakon a shimfiɗa shi ko'ina, ƙarƙashin ya zama rami, irin wanda ke fashewa ranar da aka ja kujera.

Na koma wa mai shago. Ya saurare ni da ladabi, har da sawa a kawo mini ruwa, sannan ya ce, "Wallahi Hajiya kayanmu ba su da matsala, matsalar sawa ce." Na ce, "Alhaji, ai yaronku ne." Ya ce, "A'a, muna dai haɗa shi da mutane, ba ma'aikacinmu ba ne." Na kira yaron, ya ce, "Mama, tayil ɗin ne ba ya kwance, wasu a lanƙwashe suke, kuma simintin da aka ba ni bai isa ba." Daga baya wani birkila ɗan'uwanmu ya shaida mini cewa a shaguna da yawa mai sawa na da la'adarsa a kan kowane kwalin da ya kawo mai saye, shi ya sa ba zai taɓa ce miki kayan shagon ba su da kyau ba kafin a biya. Rasidin da ke hannuna na kwalaye ne kawai. Aikin sawa da baki aka yi shi. Ƙarshenta yaron ya zo ya ɗaga guda biyu mafiya muni, ni na sayi siminti, sauran aka ce a yi haƙuri.

Wani abin da tayil ya sauya ba a cika lura da shi ba. Leda da kafet nauyin iyayen amarya ne, tayil kuwa jikin gini ne, saboda haka ya koma wuyan ango ko mai gidan haya, wanda shi ma ya ɗora a kan kuɗin haya. Yanzu in mata sun dawo daga ganin ɗaki, tambayar farko da uwar amarya ke yi ita ce ko da tayil. In an ce akwai, sai ta soke leda daga lissafi ta rubuta ƙaramin kafet na tsakiya, domin a watan Janairu ba mai iya zama a kan tayil ɗin Kano, tsofaffi kuma tsoronsa suke yi da jiƙaƙƙiyar ƙafar alwala. Da ƙanwata ta tashi nata aikin bana, ta sayi kwalaye biyu fiye da lissafi ta tura ƙarƙashin gado, ta nemo mai sawa da ba ruwansa da shagon, ta kuma riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa har sai da ta bi falon da makulli, tayil bayan tayil, yana tsaye yana kallo.