Shekarun da Muka Kwashe Muna Rage wa Talla Nauyi

Tallar farko da na tace da hannuna ta wani mai sayar da katifu ce, kuma ko a mafarki ba mu kawo intanet a cikinta ba. A farkon shekarun 2000, ɗan kasuwar Kano da ke son mutane su ga hajarsa tana motsi hanya biyu gare shi. Ko dai ya nufi gidan talabijin, CTV ko NTA, ya sayi 'yan daƙiƙoƙi, ko kuma ya nemi wani furodusa ya manna masa tallar a goshin fim ɗin Hausa. Ta biyun ta fi armashi, domin kaset ɗin da ya fito daga kasuwar Ƙofar Wambai ba ya tsayawa sai Maraɗi da Damagaram, kuma mai kallo ba ya son wahalar tura kaset gaba, sai ya zauna ya kalli katifun tukuna.

Da ƙaramin kaset na MiniDV muke ɗauka. In ka ɗauki awa guda, sai ka sake zaman awa guda cur kana juye shi cikin kwamfuta, kuma wannan awa ɗayar tana cin wajen gigabayit 13. Kwamfutar da maigidana ya koya mini aiki a kanta ba ta iya riƙe aiki uku a lokaci guda, dole a goge wani kafin a shigo da wani. In an gama tacewa sai a bar ta ta kwana tana haɗa hotunan, mu kuma mu kwana muna addu'ar kada wuta ta ɗauke. Tun daga nan na fara sanin abin da ya zame mini abokin zama a wannan sana'a, wato nauyi. Duk wani sauyi da na gani a shekarun nan, in ka bi diddiginsa, za ka tarar tambaya ɗaya ce: yaya za a yi hoto mai nauyi ya bi ta siririyar hanya ya isa ga mai saye?

A can Amurka ma da wannan suka yi fama. Kafin 2005, kamfanin da ke son sa bidiyo a shafinsa sai ya shirya shi kashi-kashi, na masu RealPlayer daban, na masu QuickTime daban, na masu Windows Media daban, sannan ya biya kuɗin ma'ajiyar da za ta riƙe shi. Da YouTube ya zo a 2005, abin da ya yi shi ne ɗauke wa mutane wannan ɗawainiya: ka ɗora bidiyonka ko a wace siga yake, su mayar da shi Flash, su ajiye maka kyauta, su ba ka 'yan layukan da za ka liƙa a shafinka. Google ya sayi YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65. A shekarar ce kuma wani kamfanin injin markaɗe mai suna Blendtec ya fara sakin gajerun bidiyoyi, inda mai kamfanin, Tom Dickson, yake jefa abubuwa masu tauri cikin injinsa yana niƙe su a gaban kyamara. Babu jarumi, babu waƙa. Ya nuna abin da kayansa ke iyawa, mutane suka riƙa tura wa juna da kansu. Na daɗe ina nuna wa yaran shagona waɗannan bidiyoyi, don ban san wani darasi da ya fi su bayyana aikinmu ba.

Mu a nan labarin kawai muke ji. Na tuna daren da na biya kuɗin kwana a wani shagon intanet don in ɗora tallar wata makaranta mai minti uku. Sau biyu tana kai wa gab da ƙarewa layin ya yanke. Da asuba ta hau, amma da na je nuna wa mai makarantar a ofishinsa, sai hoton ya yi ta tsayawa yana juyi, har mutumin ya ce, "Malam, a dai buga mana a faifai." Gaskiyarsa ce. Iyayen yaran da yake nema ba su da inda za su kalla.

Intanet ɗinmu na farko, in za a faɗi gaskiya, Bluetooth ne da katin memori. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru kuma aka samu masu kunna bidiyo, sai ga samari da kwamfutoci a bakin titi da kasuwar waya ta Farm Centre suna tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai da wa'azi. Sigar da waɗannan wayoyi ke karɓa ita ce 3GP, hoto ɗan mitsitsi, ɗigo 176 a kwance da 144 a tsaye. Ka ɗauki tallar da ka ɓata kwana uku kana ƙawatawa ka matse ta zuwa wannan girma, sai ka ga rubutu ya narke, fuskoki sun zama dunƙule. A nan muka koyi aiki na gaske. Muka daina ɗaukar shago daga nesa, muka matso da kyamara jikin kaya. Muka ƙara wa rubutu girma har ya cika fuskar waya. Lambar wayar mai kaya kuwa, sai ta daɗe a tsaye, mai magana ya maimaita ta sau biyu a hankali, don mai kallo ya samu ya kwafa. Har gobe da waɗannan ƙa'idoji nake aiki, ko da wayoyin yanzu sun fi talabijin ɗin wancan lokaci kyan hoto.

Shekarar 2010 ta kawo abu biyu. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki a Legas, kodayake an ɗan jima kafin mu ji ɗuminsu a Arewa. Sannan a watan Afrilu Steve Jobs ya fitar da wasiƙarsa yana bayyana dalilin da ya sa iPhone ba za ta karɓi Flash ba. Daga nan duniya ta karkata ga MP4 da tsarin matse hoto na H.264, Flash ya yi ta ja da baya har Adobe ya rufe babinsa a ƙarshen 2020. A wurinmu wannan sauƙi ne babba: fayil ɗaya, ya buɗe a kusan kowace waya. Da Tecno da itel suka cika aljihun mutane da Android mai araha, sai WhatsApp ya zama kasuwa. Shi ma da nasa ma'auni, domin shekaru da yawa ba ya karɓar bidiyon da ya wuce megabayit 16, kuma da aka kawo sitatus a 2017, 'yan daƙiƙoƙi kawai ya ba kowa. Ko babu wannan iyaka, akwai wadda ta fi ta ƙarfi, wato datar mai kallo. Mutumin da ya sayi datar naira ɗari ba zai taɓa bidiyon da zai cinye masa rabinta ba, komai kyansa.

Akwai shawarar da ta yaɗu a sana'ar bayan Facebook ya fara kunna bidiyo da kansa babu sauti, cewa a yi talla yadda za a gane ta ko ba a ji murya ba. Na bi ta, ina sa rubutu, amma ban yarda ta dace da mu gaba ɗaya ba. Bahaushe mutumin rediyo ne, ya taso yana jin mai shela da mai talla a ƙofar gida, kuma da yawa daga cikin masu sayen kayanmu kunne ya fi musu ido sauri a kan boko. Hoto mai ɗan duhu ana haƙuri da shi. Murya mai amo, ko ƙarar janareta a bayan mai magana, nan take ake wucewa. Shi ya sa duk yaron da ya zo mini da kuɗin sayen kyamara nake cewa ya fara sayen makirufo.

Ɗaukar hoto a tsaye kuwa, mun ƙi shi da farko. Mu da aka koya wa faɗin allon talabijin muna ganin aikin 'yan koyo ne. Matan da ke sana'a a cikin gida su suka karya mana wannan taurin kai. Masu turaren wuta da humra, masu atamfa da leshi, masu dambun nama da kayan kicin, su ne suka riƙe waya yadda hannu ke riƙe ta, suka ɗauki kayansu a kan gado ko tabarma, suka yi magana kamar suna yi da maƙwabciya. Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe kasuwanni, har manyan 'yan Kantin Kwari da a da ba su ɗauki abin da muhimmanci ba suka dawo suna tambayar yadda ake yi. Yanzu yawancinsu da CapCut ko InShot suke tace nasu, kuma ina murna da hakan, ko da ya rage mini wani ciniki. Abin da ake kawo mini ya koma mai wuyar: haske, sauti, tsara magana, da yanka aiki ɗaya gida uku, dogo na YouTube, matsakaici na Facebook da Instagram, gajere na TikTok da sitatus.

Wurin da na fi jan daga da masu kaya shi ne launi. Wani mai shadda ya taɓa matsa mini in ƙara wa hoton kayansa ƙyalli, na biye masa. Wata mata daga Abuja ta turo kuɗi, aka sa mata kaya a mota, da ta buɗe ta ga shuɗin ba shi ne na cikin waya ba. Ta dawo da kayan, kuma ta faɗa wa duk 'yan rukuninsu. Laifin nawa ne daidai da nasa, tunda da hannuna na murɗa launin. Mai saye daga nesa ba ya taɓa yadi, ba ya ɗaga shi a rana, idona ne idonsa. Tun daga ranar, a inuwa mai haske nake ɗaukar yadi, da farar takarda a gefe don daidaita launi, kuma nakan sa a murza shi a gaban kyamara a ji ƙararsa. Haka ma tallar magani: in babu lambar NAFDAC, ko aka ce in rubuta cewa yana warkar da cuta goma, nakan ba mai shi haƙuri. Dokar talla ta 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta shafi tallar intanet ita ma, amma ko kafin ta zo na ga abin da irin wannan talla ke jawo wa marasa lafiya.

A aljihun teburina akwai wata tsohuwar itel mai tsagaggen gilashi da ƙaramar lasifika. Kowane aiki na gama, kafin in miƙa wa mai shi, sai na tura shi cikinta ta WhatsApp, don in ga abin da matsewar WhatsApp za ta bari. Sannan in fita bakin titi da rana tsaka, inda 'yan adaidaita ke ta hon, in kunna. In na karanta farashi, na ji sunan shago, na iya kwafe lambar waya ba tare da na mayar da bidiyon baya ba, sai in koma ciki in kira mai kaya in ce masa, "Alhaji, aikinka ya fito."